Wuyan Jitata Yana Shagari, Na Kasa Zuwa Karɓowa

Gwaggo Aminatu, don Allah ki taimake ni, wanga abu ya hana ni sukuni wata bakwai ke nan.

Ni tela ne a kasuwar Boɗinga, amma ni da wana Maniru muna kaɗa jitar lantarki a wuraren biki. Shekara goma muna gardama a kan abu ɗaya. Shi yana son jita mai ƙaton kai da wuya mai kauri kamar ƙotar fartanya, wai ita ce ke riƙe amo. Ni kuwa hannuna ƙarami ne, siririn wuya nake so da ɗan ƙaramin kai, don ƙaton kai yana rinjayar jita ƙasa in mutum yana tsaye. Kullum sai ya yi mani dariya, ya ce tawa ta wasan yara ce.

Bara zafi ya lanƙwasa wuyan tawa. Na yi ta mita, har na ce masa shi bai damu ba tunda tasa lafiya lau take. Washegari ya kwance wuyan, ya hau babur ya kai wa Mode kafinta a Shagari don ya sassaƙa mani sabo. A hanyar dawowa mota ta buge shi. Ko asibiti ba a kai ba.

Yanzu gangar jikin jitata na rataye a shago, ba wuya. Tasa nake kaɗawa, Inna ce ta ba ni da hannunta. Gwaggo, bayan wuyan nan akwai wurin da babban yatsansa ya goge katakon har ya yi sumul. Duk yadda na kama, nan yatsana ke komawa, sai in ji ina yin kiɗansa, ba nawa ba. Ɗamarar rataya jitar ma ƙamshin turarensa take yi. A wani biki a Dingyaɗi wata tsohuwa ta kira ni da sunansa, na waiwaya ina nemansa. In na gwada kiɗa da la'asar a zaure, Inna takan zauna bayan katanga tana saurare, in na tsaya ta aiko a ce in ci gaba.

Ga wuyan hannuna ya fara kumburi saboda kaurin wuyan jitarsa, har almakashi yana gagarata. Sau uku Mode na aiko cewa aiki ya ƙare. Ya ce Maniru ya daɗe yana yi masa kwatancen tafin hannuna, ya ja masa kunne kada ya ƙara kauri ko kaɗan. Na taɓa zuwa har tasha, na juyo. Gani nake mitata ce ta kashe shi. In na karɓo kuma, da wane ido zan dubi Inna?

Ƙanin marigayi, Boɗinga.

Ɗana, Allah ya jiƙan Maniru, ya sa ya huta.

Ka fara ajiye maganar kisa. Ƙanne suna yi wa yayyensu mita kowace rana, ba ta taɓa kashe kowa ba. Kwanansa ne ya ƙare. Ka duba abin da ya fita yi: mutumin da ya shekara goma yana kushe siririn wuya, shi ne ya tsaya gaban kafinta yana kare maka shi. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe gare ka, kai kuma ka bar ta a shagon mutane wata bakwai.

Ka je ka karɓo cikin makon nan. Kada ka tafi kai kaɗai, ka ɗauki aboki, ku shiga mota. In kuka ya zo a hanya, ka yi abinka. Ka zauna da Mode ya ba ka labarin ranar, don shi ne na ƙarshe da ya yi hira da Maniru.

Inna kuma tana da gaskiyarta. Muryar ɗanta take ji, ba wanda zai ga laifinta. Amma ba ta san hannunka na kumbura ba, domin ba ka nuna mata ba. Ka nuna mata. Uwa ba ta yarda ɗanta mai rai ya nakasa saboda wanda ya tafi. Jitar Maniru kada ka sayar, kada ka bari a kankare wuyanta. Ka riƙa kaɗa wa Inna ita jefi-jefi, gwargwadon abin da hannunka zai ɗauka. Wurin biki kuwa ka fita da taka, mutane su sake koyon sunanka.

Ka kai hannun nan asibiti, da shi kake ɗinki. Ka yawaita yi wa Maniru addu'a da sadaka, su ne za su isa gare shi.

Allah ya ba ku haƙuri kai da Inna, ya kai ka Shagari lafiya, ya dawo da kai lafiya.

Gwaggo Aminatu.