Tambayar da Ka Yi Mini a Gaban Mutane

Ya sanyin idanuna, inuwar da nake gudu in fake idan rana ta take, ya ruwan farkon damina mai tayar da ƙamshin ƙasa! Bahagona, kamar yadda 'yan ajinmu ke kiran ka, ina gaishe ka da gaisuwar wadda ba ta san ko fushi take yi da kai ko kewarka take ji ba. Wallahi na rasa. Idan na ce in tsane ka sai zuciyata ta yi mini dariya, idan na ce in yafe maka sai hawaye su ce ba da su ba.

Ka tuna ranar da Malam ya tura mu tsohuwar unguwar bayan kasuwa mu auno gidajen haya, domin kowa ya zana wa mutanen wurin sabon matsuguni? Kai ka riƙe bakin tef ɗin awo, ni ina rubutawa. Muka shiga gidan nan mai ɗakuna a jere, famfo ɗaya, igiyar shanya ta ratsa tsakar gida, tela yana taka kekensa a bakin ƙofa, yara suna ta zillo tsakanin ƙafafunmu. Tsohuwar da kowa ke ce wa Kaka ta dube mu sama da ƙasa, ta tambaya ko amarya da ango ne ke neman ɗaki. Ni kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Kai kuwa ko gezau, ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce mata ai har yanzu muna kan nema. Ka san abin da maganar nan ta yi mini? Tun daga ranar nake ɗauke da ita kamar mai ɗauke da ƙwai a tafin hannu, ina tsoron in tambaye ka ma'anarta kada ta fashe.

Daga nan na duƙufa. Na zana dogayen benaye masu manyan tagogi, kowane iyali da barandarsa, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Na yanka kwali har yatsuna suka yi kanta, gam ya ɓata mini mayafai. Kana wucewa ta gefen teburina a ɗakin zane, ka tsaya, ka karkata kai, ka daɗe kana kallo, sai ka ce layukana sun fi na kowa tsabta, ka wuce. Ni kuwa in yini ina murmushi kamar wadda aka yi wa albishir. Ashe akwai sauran magana a bakinka?

Sai ranar gabatar da aiki ta zo. Malamai sun zauna a jere, Baba ya baro wurin aikinsa ya zauna a baya da hularsa a gwiwa. Na yi bayani, suna gyaɗa kai, har na ji ɗayansu yana cewa wannan ne ya kamata a tura gasa. Malam ya tambaya ko ɗalibai suna da abin cewa. Sai kai, hasken raina, kai ka miƙe! Cikin muryar nan taka mai taushi ka tambaye ni yadda Kaka za ta kai hawa na biyar da gwiwoyinta idan an ɗauke wuta. Ka tambayi inda tela zai ajiye kekensa masu kawo ɗinki su gan shi, da inda yara za su yi wasa idon iyayensu na kansu. Aka ce in koma in sake aiki, aka tura na wani gasar.

Me ya sa, masoyina? Kullum kana ganin zanen nan, me ya hana ka ja ni gefe ka faɗa mini mu biyu? Mai ƙauna yana tsinka abar ƙaunarsa a gaban mahaifinta? Da a nan ka tsaya, da na san matsayinka, na yi kukana na share. Amma da muka fito ana tsuga ruwa, wa ya tuɓe rigarsa ta sama ya lulluɓe samfurin gidajena, ya rungume shi har bakin mota, shi yana jiƙewa sharkaf? Ka ajiye shi a hankali kamar jariri, ka gaishe da Baba, ka juya ba ka ko kalle ni ba. Da hannu ɗaya ka mare ni, da ɗayan ka share mini hawaye. To wanne ne naka na gaskiya?

A gida ma kawuna sun rabu. Mama ta ce wanda ya kunyata ni a bainar jama'a ba shi da sauran ta cewa, kada ta sake jin zancenka. Yayata ta ce hassada ce tsagwaronta, maza ba sa son mace ta wuce su. Baba kuwa tun a mota, da muka kusa gida, ya ce yaron nan ko dai maƙiyina ne, ko kuma shi kaɗai ne a ɗakin ya karanta aikina da gaske. Bai faɗi wanne ba, ni ma ban iya tambaya ba.

Da abin ya ishe ni na koma unguwar ni kaɗai, da niyyar in tabbatar wa kaina cewa ka yi kuskure. Na zauna a tsakar gida har la'asar. Na ga yadda mace ke barin jaririnta wurin maƙwabciya ta leƙa kasuwa, na ga yadda ake miƙa gishiri ta kan katanga, na ga Kaka tana dafa bango kafin ta hau 'yar matakalar ƙofarta. Ka yi gaskiya, kuma gaskiyar ta fi kunyar zafi. Sai Kaka ta tambaye ni ina angon nawa. Ta ce kana yawan zuwa, ta ce a irin gidan nan ka tashi, kuma ka sha gaya mata cewa yarinyar nan ce za ta zana musu gidan da ba za a raba su da juna ba, don duk makarantar babu mai hannunta. Haba, Bahago! Kana yabona a bayan idona, kana kayar da ni a gaban ido? Wace irin ƙauna ce wannan mai tafiya da baya-baya?

Yanzu ga inda aka tsaya. Malam ya ba ni dama in sake zanen kafin ƙarshen zango, idan ban yi ba sai na maimaita shekara. Ya ce in zaɓi abokin aiki ɗaya. Na shiga ofishinsa da sunan ƙawata a bakina, da ya tambaye ni sai naka ya fito. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce ko na tabbata. Na ce masa ban tabbata ba, amma kada ya canza.

Don haka ka zo, tauraron asubata. Na fara sabon zane, gidaje hawa biyu kewaye da fili ɗaya, kuma na san akwai kuskure a ciki da idona ba ya gani. Ka zo ka nuna mini shi, amma wannan karon ni kaɗai. Idan ka gama da zanen, ina da tawa tambayar, kuma ba za ka tashi daga kujerar nan ba sai ka amsa ta.

Ko amsar ta yi mini daɗi ko ta karya ni, zuciyar nan ba ta da wani mai shiga bayanka.

Taka har abada,
wadda har yanzu ba ta huce ba.