Amawalin Janar Ghissa

Arlit, watan Rajab, 1521

Zuwa ga Yaya Hansai a Damagaram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Ahmudu da yara, har da akuyar nan taki da ta fi mijinki ƙiba. Ni ma lafiya, sai zafi. Ki yi haƙuri da takarda, an kashe mana rezon wayar salula tun bara, sai direban kamiyo, babbar motar kaya, shi ne manzonmu.

Kin tambaya ko Janar ɗin da ake faɗi a rediyo shi ne Ghissa ɗan Kawu Akoli. Shi ne, Yaya. Ghissan nan namu mai tuƙin kamiyon ma'adini. Da mutanen garuruwan da aka gina a duniyar wata suka daina sayen uraniyom aka sallami ma'aikata, ruwan sama kuma ya ƙi zuwa, sai ya bi 'yan tawaye cikin duwatsu, ya zama direban shugabansu. Shugaban ya mutu a hatsarin mota, direba kuwa ya fito da ɗan ɗingishi kawai, ya gaji kujera. Ya fara kama gidan wuta na Tchirozérine, don mai kuran, wato wutar lantarki, shi ke da pampo, mai pampo shi ke da mutane. Arlit ko harsashi bai ɓata mata ba. Yanzu mutanen wata sun dawo neman uraniyom, suna biyansa da sojan ƙarfe, dogaye, ba sa ci ba sa gyangyaɗi. Su ke tsaron ƙofofi da shato, babban tankin da ke raba ruwa.

Ni kuma ya ɗauke ni dafa shayi da ninke masa rawuna. A duk garin nan ni kaɗai ke ce masa "bawana" in kwana da kaina, albarkacin taubasantaka. Shekaranjiya na zuba masa gishiri a kofi na uku, ya shanye, ya ce Allah ya isa.

Ga abin dariya. Da aka kawo sojan ƙarfen, masu su suka ce kowane babba ya buɗe fuska na'ura ta haddace shi. Kanar-kanar duk suka buɗe. Ghissa ya ce shi ba zai sauke amawali ya nuna bakinsa gaban baƙi ba, ga surukinsa kuma a wurin. Dole suka haddace musu naɗinsa da tafiyarsa da muryarsa ta cikin ƙyalle. Mutumin da ya ci garuruwa, kunyar nuna haƙori yake.

Inna tana lafiya a Akokan nan kusa da mu, tana gaishe ki. Ki gaida Malam, ki ce ya rage tuwo.

Ƙanenki,
Fatahu

*

Damagaram, watan Sha'aban

Zuwa ga ƙanena Fatahu,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa, takardarka ta iso, kuma ban yi dariya ba.

Akwai wata mata a unguwarmu, sunanta Balki, daga Tchirozérine ta gudo. Mijinta yana cikin waɗanda suka ƙi yi wa Ghissa aiki, aka tura su ramin ma'adini aka kashe injin iska. Wannan shi ne wanda kake zuba wa gishiri. Taubasantaka tsakanin mutane ake yin ta, ni kuwa ban san abin da ya zama yanzu ba.

Muna jin mutanen Akokan sun ƙi ba shi 'ya'yansu soja. Don Allah ka ɗauko Inna ku taho, akwai ɗaki. Kada ka tsaya wasa. Malam yana gaishe ka, ya ce kai ma ka rage baki.

Allah ya tsare ku.

Yayarki kuma uwarka ta biyu in ka ƙi ji,
Hansai

*

Arlit, ƙarshen Sha'aban

Yaya Hansai,

Salamu alaikum, gaisuwa da fatan alheri. "Yayarki" kika rubuta kamar ni mace ce, na yafe miki.

Abin da kika ji gaskiya ne, har ya wuce nan. Janar ya sa an rufe bututun da ke kai ruwa Akokan, ya ce sai sun ba shi samarinsu. Rijiyoyin garin kin san su, duk gubar ma'adini ce, ko jaki ba ya sha. Mutane suna tahowa Arlit a ƙafa da bido, jarkar ɗibar ruwa, sojan ƙarfe suna mai da su.

Na je na ɗauko Inna, ta ƙi. Na same ta zaune da tsofaffin maƙwabtanta, leɓenta ya tsattsage. Na kai mata bido ɗaya a ɓoye, kafin in zauna ta rabar wa yaran layi. Ta ce, "Ni na goya Ghissa lokacin da uwarsa ta kwanta ciwo. Je ka gaya masa gwaggonsa tana nan, in zai kashe garin ya haɗa da ni." Na ce mata Inna ke fa ba ki da nauyi, zan iya saɓa ki a kafaɗa. Ta ɗauko muciya.

Na gaya masa lokacin shayi. Na fara da wasa yadda na saba, na ce, "Bawana, ashe rowarka ta kai ga ruwa? Dama tun kana yaro ba ka son wanka." Ya ɗan yi dariya ta cikin amawali. Sannan ya ce, "Gwaggo tana da mota duk ranar da take so. Garin kuwa ya san abin da zai kawo." Na ce ba za ta fito ba. Ya ce, "To, ta zaɓa. Ƙara sukari."

Na ƙara masa. Ga azumi yana zuwa, Yaya, kuma Inna ba za ta kai sallah a haka ba. Ki yi mana addu'a, taki ta fi tawa isa, ni malamin allo ya kore ni tun a izu biyar.

Naki,
Fatahu

*

Arlit, cikin azumi

Yaya Hansai,

Salamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Wannan gaisuwar yau ta yi daidai da Akokan, ki zauna in ba ki labari.

Kin tuna yadda nake kwaikwayon Ghissa a gidajen biki har mata su faɗi don dariya. To, ranar Talata da azahar ya shiga ƙailula. Na ɗauki rawaninsa na shuni, na naɗa irin nasa, na ja amawali har ƙarƙashin ido, na sa tsakuwa a takalmin hagu don kada ɗingishin ya kuɓuce mini. Na fito ta ƙofar gaba. Sojan ƙarfe suka ƙame. Sojan mutane kuwa ba mai iya duban idonsa, duk ƙasa suka kalla. Wani kaftin da ya taɓa marina ya buɗe mini mota, na bar shi tsaye a rana.

A shato na tsaya gaban na'urar, na yi ƙasa da murya na ce, "Buɗe Akokan." Ta ce, "An buɗe, Janar." Shi ke nan fa. Na juya na koma mota da ɗingishina.

Kafin la'asar ruwa ya isa. Direban da zai kawo miki wannan ya ga Inna tana cika randa. Mutanen Akokan suka fito suna yi wa Janar addu'a, wai ya ji tausayinsu albarkacin azumi. Har limaminsu ya aiko da godiya.

Ghissa ya gane, mana. Bayan buɗa-baki ya ce in kawo shayi, ya sallami kowa. Ya ce, "Fatahu, yi mini tafiyar in gani." Na yi. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Wa ya sani?" Na ce daga ni sai Allah. Ya daɗe yana juya kofi. Na ce, "Bawana, in ka rufe yanzu, sai ka gaya wa sojanka mai shayi ya ba su oda sun bi." Ya ce, "Na sani."

Har yanzu ruwa yana zuwa. Ni an ce kada in fita gida, shi ya sa na ba da takardar ta katanga. Abinci dai ana ba ni, har da nama. Kada ki gaya wa Inna komai, ki bar ta ta ɗauka ɗan da ta goya ne ya tuna da ita.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanenki,
Fatahu

*

Arlit, bayan sallah

Zuwa ga Hansai 'yar Gwaggo Tata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki.

Gwaggo tana lafiya. Ruwan Akokan ni na ba da umarninsa, haka kowa ya sani, kuma ba na janye maganata.

Jiya na sauke amawalina gaban na'ura ta haddace fuskata, da surukina da dukan hafsoshina suna tsaye. Abin da ya faru ba zai sake faruwa ba.

Fatahu taubashina ne, hannuna bai taɓa shi ba. Ya tashi da jirgin uraniyom na safiyar yau zuwa duniyar wata, mutanen wata suna neman ma'aikata. Jirgin kaya yake kaiwa, ba ya dawowa da mutane. Ya ce in gaya miki ki ci gaba da rubutowa, wai shi zai san yadda zai yi ya amsa.

Wassalam.

Janar Ghissa ag Akoli