Sandar Tanko

Daren Laraba, bayan girbin gero.

Malam, rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara mani. Yau bakin tafki mun ci 'yan Safo a wasan ƙwallon goriba, raina fari tas. Sau ukku jikana Tanko ya kai ƙwallo gida. Sau biyu kuma ya bar ƙwallo ya kwaɗe ƙwaurin mutane da sanda, aka fidda shi, suka rama biyu.

Wai, "Kaka, ƙafafunsu ne suka tare mani hanya." Ja'iri!

Dattawa sun ce a hana shi wasa na gaba. Na ƙiya. Ubanshi ma haka ya fara, a gabana.

Zai buga. Amma sandarshi tana ƙarƙashin tabarmata, sai ya taka har Safo ya duba ƙwaurin da ya fasa.