Tunkiyar Marigayiya

Ƙofar 'Yandaka, Litinin

Zuwa ga ɗiyata Rukayya, mai sunan mahaifiyata,

Bayan sallama da gaisuwa ga maigidanki da yara, ina sanar da ke cewa wannan lamari ya fi ƙarfin wayar salula. Shi ya sa na zaro alƙalamin da ya shekara talatin yana razana 'yan makaranta.

Tunkiyar da mahaifiyarki ta bari, wadda ita kaɗai ta rage mai sauraren jawabina na safe, ta yi ɓari shekaranjiya, ta kuma ƙaurace wa dusa. Majalisar ƙofar gida, ƙarƙashin jagorancin Haruna mahauci, ta zartar a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe, a raba wa maƙwabta. Na ɗage zaman.

Na ji ku likitocin dabbobi kuna bin gidaje da rajista tun saukar damina. Ki aiko mini da magani a matsayin ɗiya, ba ma'aikaciya ba. Kada sunanta ya shiga takarda, don ban yarda gwamnati za ta bar mini ita ba.

Mahaifinki,
Sada, tsohon hedimasta

Ƙofar Kwaya, Talata

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan an tashi lafiya. Don Allah kada a yanka. Abin da muke bibiya zazzaɓi ne da sauro ke yaɗawa tsakanin dabbobi, ɓari kuma shi ne alamarsa ta farko. Mutum yana ɗauka ta jini da ɗanyen nama. Babu mai tafiya da ita, jini kaɗan za mu ɗiba. Amma dole in rubuta ta, Baba.

Wa ya binne abin da ta ɓarar? Ka faɗa mini gaskiya. Ka riƙa kwana cikin gidan sauro.

Taka mai biyayya,
Rukayya

Ƙofar 'Yandaka, Juma'a

Uwata,

Ina gaishe ki, duk da abin da ya faru jiya. Tarihi zai shaida cewa an yi mini alkawarin ɗibar jinin tunkiya, aka ƙare da nawa, a gaban jama'a, don kawai na amsa cewa ni na yi binnewar da hannuna. Ƙarar da aka ji kuwa umarni nake bai wa ma'aikacinku, ba raki ba ne.

Gidan sauron yana aiki. Na kafa mata shi a turke, kasancewar ita ce marar lafiya.

Yau ba ta iya tashi. Haruna ya dawo ya ce, "Malam, ilimin naka ne ya koya maka zubar da halak? Gida goma sha biyu za su yi miya." Na ce masa hukunci yana hannun ɗiyata. Ban faɗa masa cewa ko babu ke ba zan iya kallo ba.

Mahaifinki,
Sada

Ƙofar Kwaya, Laraba

Baba,

Barka da war haka. Sakamako ya fito. Tana da cutar, kai ba ka da ita, alhamdulillahi. Da an yanka, da duk wanda ya taɓa naman ya shiga hatsari. Saboda ita an fara duba garkunan unguwar. Gobe zan kawo gidan sauro na biyu, na ɗan'adam. Yaya jikin nata?

Rukayya

Ƙofar 'Yandaka, Laraba da la'asar

Uwata,

Na gode Allah, na gode miki. Ta cika ɗazu da hantsi. Ban taɓa ta ba, na bari abokan aikinki suka binne.

In kin zo gobe, ki taho da yaran. Gidan ya yi shiru.

Babanki