Yatsan Ma'aikacin Tasha

Daren Laraba, watan Sha'aban, unguwar Suwaidi

Yau ma na leƙa kyamarar ƙaramar tashar jirgin ƙasan nan ta Japan, wadda ake nunawa kai tsaye ta intanet, a wayar Umma. A can asuba ce, ba kowa sai ma'aikacin nan mai farar safar hannu, wanda na ƙirƙira masa masoyiya irin ta littattafai. Kullum yakan nuna layin dogo da yatsa, ya nuna agogo. Yau sai ya juyo ya nuna ni, ya daɗe bai sauke hannu ba.

Na tambayi Baba, tunda Japanawa yake yi wa direba. Ya ce, "Aikinsu ne, 'yar Baba. Abin da suka nuna, sun tabbatar yana wurinsa."

Na kifa wayar tun ɗazu, amma na kasa kwanciya. Ina tsoron ya sake dubawa ya ga ba na wurina.