Ƙarfen Dafawar Onno

Leer, ranar Asabar

Onno nawa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka tashi lafiya. Yaya ƙarfin jikin? Hannun daman ya fara jin magana kuwa? Allah ya ƙara sauƙi. Tunda harshenka bai gama sakuwa ba tun shanyewar jikin nan, kuma waya wahalar da kai take yi, zan ci gaba da rubuto maka, ka karanta a tsanake.

Na gama tarewa a sabon gidan. Ƙasan bene ne, babu matakala ko ɗaya, keken guragu ma zai shiga har ɗaki. Sai dai bangon ne ya ɗaure min kai. Na ƙwanƙwasa shi ya amsa min kamar kwali. Kruse, mai kula da gidan, ya ce ai ba bulo ba ne irin na tsohon gidanmu, allon farar ƙasa ne aka jera, bayansa iska ce kawai. To mutum ya rataya abu a jikin iska?

Ga dalilin damuwata. Jibi Litinin wata ma'aikaciya daga asibitinku za ta zo duba gidan. In ta ga ƙarfen dafawa a jikin bango, wanda za ka riƙa riƙewa kana tafiya, tun daga ɗakin kwana har banɗaki, ranar Juma'a za su sallamo min kai. In ba ta gani ba, gidan tsofaffin nan na Bremen da 'yarmu Fenna ta nemo za su kai ka, wai na ɗan lokaci. Ka san ɗan lokacin Fenna. Na buga wa masu gyara har kunnena ya yi zafi, kowa sai ya ce wata mai zuwa. Injin hudarka yana nan cikin akwati, amma tsoronsa nake ji, kuma gobe Lahadi, ranar da aka hana hayaniya, wa ya isa ya kunna inji a gidan haya?

Sai na je shagon kayan gini na sayo ƙarfen. Matar da ke wurin ta nuna min wasu ƙusoshi gajeru masu kauri, masu zare kamar dodon koɗi. Ta ce su suke huda wa kansu hanya, sukundireba kawai ake bukata, in sun nutse a bango sai a ɗaura noti a cikinsu. Ta ce, "Me za ki rataya, Mama? Madubi?" Na ce, "Ya ɗan fi madubi nauyi." Ban san abin da ya hana ni ce mata mijina ne ba. A jikin kwalin an rubuta nauyin da kowace ɗaya ke ɗauka, sai na ga in na zuba su da yawa ai za su ɗauke ka, balle yanzu da ka rame. Haka lissafin yake, ko? Kai ne mai wannan aikin duk zamanmu, ni riƙe tsani kawai na iya.

Ka ci abincinsu ko ba daɗi. Ina kewarka ƙwarai.

Taka,
Talke

Leer, ranar Lahadi

Onno nawa,

Barka da hutun Lahadi. Da fatan ka samu barci, kuma maƙwabcin gadon naka ya rage minshari. Ni lafiya lau, sai tafin hannu da ya yi kanta.

Na kafa ƙarfen! Ko coci ban je ba. Gaskiyar matar shagon nan, ƙusoshin shiga suke yi shiru kamar ana murza cokali a cikin man shanu. Laifina ɗaya, na ɗan bubbuga kan ƙusar farko da gindin sukundireba don ta kama. Ban ƙifta ido ba sai ga Madam Saathoff ta saman bene a bakin ƙofa, da silifas ɗinta. Ta ce, "Baiwar Allah, a garinku ba a Lahadi ne?" Na ce garinmu ɗaya da ita, layi biyu ne tsakani. Da na gaya mata don kai nake yi, sai jikinta ya yi sanyi, ta koma ta sauko min da shayi da yankan kek. Ba ta da mugunta, kunne ne ya yi mata yawa.

Amma akwai abin da ban gane ba. A wasu wuraren ƙusar sai ta ɗan shiga ta tsaya cak, ta yi ta juyawa a banza, bakinta ya dakushe, kamar ta ci karo da ƙarfe. Gabana ya faɗi, na ce ko bututun ruwa ne ko wayar wuta. Duk inda na ji haka sai in matsa gefe kamar faɗin tafin hannu, nan take ta shige lafiya. Ramukan da na ɓata na cike su da man goge baki, yadda ka yi lokacin da za mu bar gidan hayarmu na farko. Fari ne a kan fari, ba mai ganewa, sai dai lungun da ke tsakanin ɗakin kwana da banɗaki duk ƙamshin na'a-na'a yake.

Akwai kuma guda ɗaya da ta shige duka amma har yanzu juyawa take, ta ƙi ɗaurewa. Na wuce da ita ne, ko ban kai ba? Na tsaya ina kallonta ina jiran ka yi tsaki daga bayana ka karɓi sukundireban. Da na waiga ban ga kowa ba sai na ji hawaye.

Na gwada ƙarfen dai. Na rataya masa rigunan sanyinmu duka da jakar kayan aikinka, ko gezau bai yi ba. Fenna ta bugo, na ce mata an kafa. Ta ce, "Wa ya kafa, Mama?" Na ce wanda ya iya.

Ka yi mana addu'ar gobe.

Taka har kullum,
Talke

Leer, ranar Talata

Onno, mijina,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Ka zauna sosai kafin ka karanta wannan, kuma kada ka yaga ta sai ka kai ƙarshe.

Ma'aikaciyar asibitin ta zo jiya. Ta auna tsayin ƙarfen daga ƙasa, ta auna faɗin ƙofofi, ta shafa shi da yatsa ta ce ya yi kyau. Ba ta ja shi ba. Ta ce Juma'a kana gida. Na san sun gaya maka, don ma'aikaciyar jinyarku ta ce min har ka sa an ciro maka jaka.

Bayan ta tafi na hau goge lungun don murna. Santsi ya kwashe ni, na kai hannu na cafki ƙarfen, sai ga ni zaune a ƙasa da shi a cinyata, da ɓarɓashin bango a gashina. Ƙusoshin duk sun fito, kowace da guntun allo a wuyanta. Ƙuguna ya yi shuɗi amma ba abin da ya karye. Ni kenan fa, da ban kai ka nauyi ba.

Na kira Kruse. Ya leƙa ramin da tocila, ya nuna min wasu ginshiƙan ƙarfe a tsaye a bayan allon, daidai wuraren da na yi ta gudu. Ya ce su kaɗai ne masu ƙarfi a bangon, su ɗin ma ba irin wannan ƙusar suke karɓa ba. Ya ce ƙusoshin ba su yi ƙarya ba, madubi da kantar ɗora kaya da agogon bango suke ɗauka, abin da ke rataye shiru. Mutum kuwa in zai faɗi fizga yake yi. Sai an buɗe bangon an sa katako, sai kuma mai gidan ya yarda a rubuce, kuma ba aikin wannan makon ba ne. Ya ce, "Ni dai ban ga komai ba, Madam, sai in kin ce na gani."

Onno, ba zan ɓoye maka ba, na ɗauko sauran ƙusoshin. Na ga in na matsa sama kaɗan na sake kafawa, na toshe ramukan, ba wanda zai sake zuwa dubawa, kai kuma kana gida Juma'a. Har na murza guda ɗaya. Na zauna na tashi, na sa ruwan shayi na manta da shi. Ban san wanne ne son ka ba, in kawo ka ko in hana ka zuwa. Har yanzu ban tabbata na sani ba.

Da safen nan na buga asibitin na gaya musu gaskiya. Ba za ka dawo ranar Juma'a ba, Bremen za su kai ka, kuma ba Fenna ce ta jawo ba, ni ce. Na gaya mata da kakkausar murya cewa ranar da aka gama bangon nan zan zo in ɗauke ka, ta ce "To, Mama," irin to ɗin nan nata. Ban san ko zan iya da ita ba, amma zan yi iya yina.

Ka yi fushi da ni yadda kake so, zan zo ranar Alhamis in zauna ka harare ni. Da na zauna a ƙasan lungun nan jiya, ni kaɗai, sai da na daɗe kafin na iya miƙewa. Da kai ne a wurin, Onno, ba zan iya ɗaga ka ba.

Matarka,
Talke