Rijiyar Tsamiya Ta Zama Juji

Mai karatu, in daɗin baki ka zo nema, wuce. Da mahaifiyata nake magana. In ka ji maganar ta soke ka, to kana cikin masu laifin.

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ƙara na kawo miki.

Kin san Rijiyar Tsamiya, wadda kakanninmu mahauta suka haƙa tun unguwar nan tana gonakin dawa, birnin Garwa yana can nesa. Da mutanen dutse suka gangaro daga Poli neman gona, ke kika ara wa matansu guga. Ba ki tambaye su coci suke zuwa ko masallaci ba.

Duk bazara sai an yashe ta. Maza su sauka da igiya, mu mata mu jeru muna miƙa kwandunan laka. Gugan farko na ruwa mai kyau kuwa, babbar macen unguwa ake ba. Ina tuna ki, ki kurɓa, ki share baki, ki ce, "Rijiya uwa ce, ba a tofa mata yawu."

Inna, yanzu ba yawu ba ne. Tunda aka kafa mana famfo, juji ta zama. Ledoji, ƙunzugun jarirai, mushen kaji. Wari ya kori tsofaffi daga gindin tsamiya. Tir! Jauro, mai unguwarmu, ya ce in damina ta same ta haka, cike ta za a yi da ƙasa.

Na yi ta zagin maƙwabta. Sai rannan na ga takwararki Ummi, 'yar cikina, da kayan makaranta a jikinta, ta kife bokitin sharar gidana a ciki. Waya a kunne, ko leƙawa ba ta yi ba. Wai kowa ma nan yake zubarwa.

Bana ni ce babbar mace a unguwa. Innata, so nake in sha inda kika sha.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya shirya mana zuriya.

Ni ce 'yarki Asabe, kuma ga dokar da na kafa: duk Asabar ba a hura wuta a gidan nan sai kowa, har maigida, ya ɗauki ƙugiya ya fitar da kwandonsa na shara daga rijiyar. Wanda bai ja igiya ba, hannunsa ba zai shiga kwanona ba.